Banki ya ce sai na yi wa kajina inshora kafin ya ba ni rance, masu sani ku ba ni shawara

Maman Khairat, Kumbotso

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Ina da tambaya, kuma na fi son wanda ya taɓa shiga harkar da kansa ya amsa mini, domin jita-jita na ji ta har na gaji.

Ina kiwon kajin ƙwai a bayan gidanmu, guda 1,200, a ƙasa suke kan dusar katako, ban kai ga keji ba tukuna. Yanzu suna mako na 34, suna ba ni kiret 31 zuwa 33 a rana in zafi bai yi yawa ba, suna cin buhu biyar da rabi na abinci. Da kiwon nan nake biyan kuɗin makarantar yara huɗu tun rasuwar mahaifinsu, da shi nake sallamar yaran aiki biyu. Ba ni da albashi, ba ni da shago. Abin da ke cikin ɗakin kajin nan shi ne dukiyata gaba ɗaya.

Na nemi rance a wani banki don in gina ɗaki na biyu in zuba 'yan tsaki 1,000, saboda in waɗannan sun tsufa kada ƙwai ya yanke mini, masu shayi da masu shagunan da nake kai wa su koma wajen wani. Jami'in bankin ya duba komai ya ce babu matsala, amma ba za a saki kuɗi ba sai na yi wa kajin inshora, tsofaffin da sababbin. Ya ba ni fam, ga shi a jakata ban cike ba.

Yayana, wanda shi ne babba a gidanmu, ya ce kada in kuskura, inshora caca ce, kuma ba a sayen kariya daga ƙaddara. Wata abokiyar kiwona kuma ta ce ko da halal ce kamfanonin nan karɓa kawai suka iya, ranar biya sai su fito da dalili. Ni kuwa abin da ke raina daban ne. A 2021 da murar tsuntsaye ta shigo Kano, wata gona da ba ta da nisa da mu ta ƙare ƙaf, mai ita har yau bai sake zuba kaza ko ɗaya ba, ya koma tuƙa adaidaita. Duk sanda na shiga ɗaki da asuba na tarar da mushe biyu ko uku a kusurwa, sai gabana ya faɗi. In abin da ya same shi ya same ni ga kuma bashin banki a wuya, ban san inda zan sa kaina ba.

To ina tambaya: inshorar kaji tana biya da gaske? Tana ɗaukar murar tsuntsaye? Tana ɗaukar mutuwar zafin bazara, wanda shi ya fi yi mini ɓarna duk shekara daga Maris zuwa Mayu? Kuma a addinance ina matsayinta? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Baban Yusra, Bukuru

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigidan, ya raya abin da ya bari. Ni ina kiwo tun kafin murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan, kuma kajina suna cikin inshora yanzu haka, don haka abin da na gani da idona zan faɗa miki.

Ki fara raba abu biyu da mutane ke haɗawa: diyyar gwamnati daban, kuɗin inshora daban. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata babbar gona da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko ke nan da aka ga nau'inta na H5N1 a duk Afirka, kafin a ce kwabo ta watsu zuwa Kano da nan Filato. Tsarin gwamnati shi ne duk gonar da ta kamu a kashe kajinta duka, masu ciwo da masu lafiya, a binne, a yi feshi, a rufe wurin. Diyyar da aka fara yankewa naira 250 ce kan kowace kaza, alhali kazar da ke kan ƙwai ta fi haka nesa ba kusa ba. Kuma waɗanda ma'aikata suka kashe da hannunsu ake lissafawa, waɗanda suka riga suka mutu kafin su iso babu su a ciki. Wannan ne ya sa wasu suka riƙa ɓoye ciwon suna kwasar kaji da dare zuwa kasuwa, cutar ta ƙara bazuwa. Daga baya an ɗaga kuɗin. Ta sake dawowa a farkon 2015, ta fara da Kano da Legas, sannan ga ta 2021 da kika ambata. Diyya irin wannan ba abin da mai bashin banki zai jingina da shi ba ne, domin ba ke kike yanke yawanta ba, ba ke kike yanke ranar zuwanta ba.

Ita kuwa inshora yarjejeniya ce tsakaninki da kamfani, abin da aka rubuta a takarda kaɗai ke aiki. Gwamnatin tarayya ta fara shirin inshorar noma a 1987, shi ne ya zama hukumar inshorar noma ta NAIC, wadda dokar 1993 ta tabbatar da ita. Dokar ta tanadi rangwamen rabin kuɗin zubi, wato kuɗin da mai inshora ke biya, ga wasu amfanin gona da dabbobi, tarayya ta ɗauki kashi 37.5 cikin ɗari, jiha ta ɗauki 12.5. Ki je ofishinsu na Kano ki tambaya ko kiwonki ya shiga cikin masu wannan rangwamen a bana. Yanzu kuma hukumar NAICOM, mai kula da harkar inshora a ƙasa, ta ba kamfanoni masu zaman kansu da dama izinin yin inshorar noma, saboda haka ki nemi farashi daga wuri biyu ko uku, kuma ki tambayi bankin ko dole sai kamfanin da suka miƙo miki fam ɗinsa.

Ga yadda lissafin yake, amma misali nake ba ki, ba farashin kowa ba. Mu ce an yi wa kowace kazarki ƙima naira 10,000. Guda 1,200 sun kama miliyan 12. Mu ce kamfani ya yanke kashi 3 cikin ɗari, za ki biya 360,000 a shekara, wato 30,000 duk wata. Ki raba wannan da farashin kiret a unguwarku ki ga kiret nawa ne a wata, sai ki san ko kiwon zai ɗauka. Sannan akwai kason da ke za ki ɗauka da kanki a kowace asara. In takardar ta ce kashi 10 cikin ɗari na farko naki ne, to kaji 120 na farko ba za a biya su ba. In 400 suka mutu, 280 za a lissafa. In 90 suka mutu, ko sisi ba za ki gani ba. Mushe biyu ko ukun da kike tararwa da asuba, wannan a wajensu mutuwar yau da kullum ce, babu ruwansu da ita. Kuma ƙimar kaza tana tafiya da shekarunta: ɗan tsakon mako biyu ba a biyansa kuɗin kazar da ta fara ƙwai, kazar da ta haura mako 70 ma darajarta ta sauko. Ki ce su ba ki jadawalin ƙimar mako-mako ki gani tun kafin ki sa hannu.

Abin da galibi suke ɗauka shi ne gobara, tsawa, guguwa, ambaliya, hatsari, da mutuwar wasu cututtuka in an cika rigakafi. Abin da galibi ba sa ɗauka: sata, sakaci, yunwa, kaji su cinye junansu, da raguwar ƙwai ba tare da mutuwa ba. Maganar murar tsuntsaye kuwa, a nan nake so ki tsaya tsayin daka. Takardu da yawa suna cire ta gaba ɗaya, wasu sai an ƙara kuɗi a shigar da ita, wasu kuma suna biyan waɗanda ciwon ya kashe amma ban da waɗanda hukuma ta zo ta kashe. Dalilinsu a fili yake: gobara gona ɗaya take ci, ita kuwa wannan cuta tana iya kwashe gonaki ɗari a wata guda, duk su zo neman biya lokaci ɗaya. Kada ki yarda da "ai duk yana ciki Hajiya" daga bakin wakili. Ya buɗe shafin ya nuna miki layin da aka ambaci sunan cutar. Haka ma zafin bazara, ki nemi ganinsa a rubuce, domin wasu suna jefa shi cikin sakaci su ce ɗakin ne ba ya shan iska.

Kika ce suna biya? Ni an biya ni. Iskar farkon damina ta yaye kwanon ɗaki guda cikin dare, katako da ruwa suka kashe mini kaji masu yawa. Da gari ya waye na kira su, na ɗauki hoto da bidiyo, likitana ya zo ya rubuta, wakilinsu ya zo ya ƙirga. Kuɗin bai zo da sauri ba, kuma bai kai asarar ba bayan an cire kasona, amma da shi na sake zuba 'yan tsaki ba tare da na sayar da fili ba. Wani abokina kuma an hana shi, domin ya binne kajin kafin ya sanar, ba littafi, ba hoto, ba takardar likita. Shi har gobe yana cewa an cuce shi, ni kuwa da na karanta takardarsa na ga sharaɗin a rubuce.

Abu na ƙarshe, tunda banki ne ya sa ki: ki tambaya in asara ta faru wa za a ba kuɗin. Yawanci sunan bankin ake sawa a gaba, shi zai fara cire bashinsa, abin da ya rage ya zo hannunki. Ni ban ga laifin hakan ba, domin fita daga bashi ranar da ɗaki ya zama kango ba ƙaramar rahama ba ce, amma ya kamata ki sani tun yau.

Abu Mu'az, Gusau

Baba ya yi bayani, Allah ya ƙara girma, sai dai ni ina da ja. Kajin nama nake yi, mako shida zuwa bakwai na fitar, kuma a cikin duk waɗanda na sani da suka rufe gona a 'yan shekarun nan, waɗanda ciwo ya kora ba su kai waɗanda kasuwa ta kora ba. A farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace daga hannun mutane, ƙwai ya taru a gonaki har yana lalacewa, kaji kuwa ba su san an yi canjin kuɗi ba, kullum sai sun ci. Bayan nan masara da waken suya suka yi tashin gwauron zabi, abinci kuma shi ke cinye kusan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo. Wane kamfanin inshora ne ya biya wani a kan wannan? Babu. Kaza tana raye, lafiyarta ƙalau, mai ita yana karyewa.

Saboda haka Hajiya, in banki ya tilasta, ki yi, amma kada ki ɗauka kin rufe ƙofar asara. Ni abin da nake yi, duk fitar da na yi ina ware wani kaso in sa a asusu daban wanda ba ni da katin cirewa, kamar rumbun tsimi, ba a buɗe shi sai ranar wuya. Da kaka kuma in sayi masara in ajiye lokacin da take araha. Ke da kike da ƙwai kullum ya fi miki sauƙi, ki ware kiret ɗaya a rana ki manta da shi. Kuɗin nan naki ne, ba fam, ba jiran wakili, ba wanda zai ce miki kashi goma na farko ba ya ciki.

Kuma ki sake tunani a kan gina ɗaki na biyu a jikin na farko. 'Yan tsaki da manyan kaji a fili ɗaya, yaran aiki ɗaya suna shiga nan suna shiga can da takalmi ɗaya, wannan shi ne hanyar da ciwo ya fi bi.

Malam Abu Hafsa, Zariya

Bismillah. 'Yar uwa, zan taɓa ɓangaren addini gwargwadon abin da na karanta, sannan ki kai wa malamin da kika amince da shi takardar kanta ya duba.

Maganar yayanki tana da rabi biyu, kuma ba hukuncinsu ɗaya ba. Cewa yin tanadi saboda musiba ja da ƙaddara ne, wannan bai inganta ba. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, sai ya ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Annabi Yusuf, alaihis salam, ya tara hatsin shekara bakwai saboda fari mai zuwa. Ke ma da kike ba kaji rigakafin Lasota da Gumboro ba wanda ya ce kin ja da ƙaddara.

Rabi na biyu shi ne mai nauyi. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a ƙarshen 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci irin wadda aka saba tana ɗauke da garari mai yawa, wato kin biya kuɗi tabbatacce a kan abin da ba ki san za ki samu ko ba za ki samu ba, don haka ba ta halatta ba. A zama ɗaya kuma ta ce madadinta shi ne inshorar taimakekeniya, wadda aka gina kan kyauta da haɗa hannu. Akwai manyan malamai da suka saɓa, kamar Shaikh Mustafa Zarƙa na Sham, wanda ya halatta ta, amma mafi rinjaye suna kan wancan.

Wannan madadin shi ne takaful. Masu shiga suna zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar gudummawa, wanda asara ta samu a biya shi daga ciki, kamfanin wakili ne kawai da ke karɓar ladan gudanarwa, ba a juya kuɗin a harkar riba, in kuma an samu rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi komai ba. Asalinsa malamai suna kafa hujja da hadisin Ash'ariyyawa da ke cikin Bukhari da Muslim, mutanen da in abincinsu ya yi ƙaranci sai su tara abin da ke gare su a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi ya yabe su ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Kamfanin farko na irin wannan a Sudan aka kafa shi a 1979. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi kamar Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful. Ki je ki tambaye su kai tsaye ko suna ɗaukar kaji, ki kuma tambayi bankin ko zai karɓi takardarsu.

Ina kuma tunatar da ke, cikin girmamawa, ki duba shi kansa rancen. In da ruwa a cikinsa, to maganarsa ta fi ta inshorar girma. Akwai bankunan da ba sa harkar ruwa, suna saya miki kayan gini ko abinci su sayar miki da riba sananniya ki biya a hankali.

Likita Ummu Aiman, Kano

Sannu Hajiya. Ni likitar dabbobi ce, kuma ana kirana rubuta rahoton mutuwar kaji don neman biya, don haka na san inda ake faɗuwa. Kusan kullum a kan takarda ne.

Ki sayi littafi mai kauri yau, ko kin yi inshora ko ba ki yi ba. Kowace rana shafi: kaji nawa suka kwana, nawa suka mutu, buhu nawa aka ci, kiret nawa aka ɗauka, wane magani aka ba su. Ki ajiye rasit na 'yan tsaki da sunan wurin ƙyanƙyasa, domin yawancinsu daga Ibadan ake lodo su, sukan iso a galabaice, kuma kamfanoni da dama ba sa ɗaukar mutuwar kwanakin farko. Rigakafi ma a rubuta ranarsa da lambar kwalbar, likita ya sa hannu. Marek tun a wurin ƙyanƙyasa ake yin ta, sai Gumboro da Lasota a makonnin farko, sai ta ƙyanda, sannan a riƙa maimaita Lasota lokacin ƙwai. In Gumboro ta kwashe miki 'yan tsaki a mako na huɗu, tambayar farko da za a yi miki ita ce ina shaidar rigakafi. Kuma ki lura da inda kike saye. Allurar da ta kwana a firjin da babu wuta ta mutu, ruwan famfo mai sinadarin kulorin ma yana kashe ta, wadda aka dama kuma ta wuce awa biyu ba ta da sauran amfani. Mutum zai rantse ya yi rigakafi, da gaskiyarsa, amma ruwa kawai kajin suka sha.

Ranar da kika ga mutuwa ta wuce ƙima, kada ki jira gobe. Ki kira likita, ki kira kamfanin, ki kuma tura musu saƙo a rubuce don ya zama shaida, domin takardun suna ba da wa'adi gajere, wasu awa 24, wasu 48. Ki ɗauki hoto da bidiyo a cikin ɗakin kafin a taɓa komai. Kada ki binne, kada ki ƙone, kada ki sayar wa masu yanka, sai an zo an gani ko an ba ki izini a rubuce. In kuwa kika ga suna zubewa da yawa farat ɗaya, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, kai ya kumbura, ƙafafu sun yi ja kamar jini ya kwanta, to ki rufe gonar, kada yara su kusanta, kada a taɓa mushen da hannu tsirara, ki sanar da ofishin likitan dabbobi na jiha nan take. Su za su ɗauki samfur su aika cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Filato, ita ke tabbatar da murar tsuntsaye. Ba tare da wannan sakamakon ba, babu diyyar gwamnati, babu ta kamfani.

Zafi kuwa, gaskiya gyaran ɗaki ya fi miki inshora amfani. Kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafi, jikinta kuma dama yana wajen digiri 41, to in Kano ta haura 40 a Afrilu ina za ta kai nata? Sabon ɗakin ki sa tsawonsa ya bi gabas da yamma, katanga gajera, sauran duk raga, rufi mai tsayi, a shimfiɗa zana ko ciyawa a kan kwanon. Tankin ruwa ya zauna a inuwa. Abinci da sassafe da kuma yamma, a ɗauke shi da tsakar rana. Ki rage cunkoso kafin Maris. Wakilin kamfani zai zo duba gona kafin su karɓe ki, waɗannan abubuwan da kwamin wanke ƙafa a bakin ƙofa su yake kallo.

Na goyi bayan Abu Mu'az a kan nisanta ɗakunan. In fili bai ba da dama ba, aƙalla kowane ɗaki da yaronsa, da takalminsa, da bokitinsa. Kuma kiret ɗin takarda da ya je kasuwa ya dawo kada ya shiga wajen kaji.

Maman Khairat, Kumbotso

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku da gidan Aljanna. Na karanta wa Yaya amsar Malam, ya ce in takaful ce ba shi da magana, zai ma raka ni. Na sayi littafin, Likita, na fara cikewa.

Na koma na karanta fam ɗin da kyau. Murar tsuntsaye tana cikin abubuwan da aka cire, an rubuta ƙarara, zafi kuma ba a ambace shi ko ta wane ɓangare ba. Na nemi su ba ni farashin shigar da ita a rubuce. Baba, sauran tambaya ɗaya. Wata ta ba ni shawara in rubuta kaji 700 kawai a maimakon 1,200 don kuɗin zubin ya ragu, wai ai ba duka za su mutu ba. Akwai matsala a cikin haka?

Baban Yusra, Bukuru

Akwai babba, Hajiya, kada ki yi. Kaji ba su da lamba a jiki, ba yadda za a ce wadda ta mutu tana cikin 700 ɗin ko tana cikin sauran 500. In kamfani ya zo ya tarar kin rubuta ƙasa da abin da ke ɗakin, mafi sauƙin abin da zai yi shi ne ya biya ki gwargwadon kason da kika rubuta, wato 700 cikin 1,200, duk asarar naira 12 a ba ki 7, bayan an cire kasonki na farko. Yana kuma iya soke yarjejeniyar gaba ɗaya ya ce kin ɓoye gaskiya, kuɗin da kika zuba ya tafi. Littafin da Likita ta sa ki buɗe ma shi zai nuna adadin na gaskiya.

Ki rubuta 1,200 cif, in 'yan tsakin sun iso ki sanar a ƙara su a ranar, da rasit ɗinsu. Kuɗin zubin ki biya ta banki zuwa asusun kamfanin, ba hannun wakili ba, ki karɓi rasit da cikakkiyar takardar yarjejeniya, domin a dokar ƙasar nan in ba a biya kuɗin zubi ba babu inshora. Ki duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi da NAICOM ke fitarwa, kuma in wata rana kin cika sharaɗi aka ƙi biyanki, hukumar tana da sashen karɓar ƙorafi. In sun ba ki farashin shigar da murar tsuntsayen, ki kawo shi nan mu lissafa tare kafin ki sa hannu.